Tumfafiya

Tumfafiya, wadda masana tsirrai ke kira Calotropis procera, ƙaramar bishiya ce ta dangin Apocynaceae da ke fitowa a saura da bakin hanya a ƙasar Maska da sauran yankin Funtua da Malumfashi. William Aiton ne ya fara bayyana ta a kimiyyance a 1789. Ganyenta faffaɗa ne mai kauri, furenta fari da ɗigon shunayya, 'ya'yanta kuma kumburarru ne cike da zare kamar auduga.

Nononta fari yana ɗauke da sinadarin calotropin mai hargitsa bugun zuciya, irin dafin da ke cikin 'yar'uwarta Cascabela thevetia mai furen rawaya, 'yar asalin Meziko. Wasu na cewa ba ta da illa tunda ana maganin gargajiya da ita, ana kuma daskarar da madara da ganyenta a yi wara. Sai dai abin da ake sawa a wara ɗan kaɗan ne, kuma ana dafawa. Ɗanyen nonon idan ya shiga ido yana dushe gani, don haka a nisanta yara da shi.