Hukunci a ƙasa, lissafi a fili: abin da tukwanen Bahri suka nuna wa shugabanni

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin ƙasar da dakarun RSF ya kwashe hukuma daga Bahri cikin 'yan makonni. An wawashe masana'antun da birnin ya yi suna da su, asibitoci da dama sun rufe, kuma a Nuwamban 2023 gadar Shambat, wadda ta haɗa Bahri da Omdurman, ta karye. Abin da ya ci gaba da aiki shi ne ɗakunan agajin gaggawa da matasan unguwanni suka kafa, da yawansu 'ya'yan kwamitocin gwagwarmayar da suka taimaka wajen kawar da Umar al-Bashir a 2019. Matsayin wannan maƙala shi ne, waɗannan ɗakuna sun tsaya ne saboda sun raba abu biyu da shugabannin ma'aikatunmu suka saba riƙewa a hannu ɗaya: yanke hukunci da duba lissafi.

A duba yadda waɗannan ɗakuna ke tafiyar da takiyya, wato wurin dafa abincin jama'a da aka gada daga zawiyoyin sufaye. Wanda ke tsaye a bakin tukunya a unguwar Shambat ko Halfaya shi ya san ko yau wake za a dafa ko adas, ko gawayi ya ƙare, ko titin kasuwa ya zama na harsashi, ko wace tsohuwa ce ba ta aiko da kwanonta ba kwana biyu. Saboda haka shi da abokan aikinsa suke yanke shawara nan take. Wakilan unguwanni suna haɗuwa a matakin ƙaramar hukuma, na ƙananan hukumomi bakwai na jihar Khartoum kuma su haɗu a sama, amma aikin na saman shi ne nemo kuɗi, raba su, da karɓar rahoton abin da aka kashe. Ba ya gaya wa mai dafuwa yawan gishirin da za ta zuba. Manomin da ya taɓa kiran gayya ya san tsarin: mai gona yana nuna iyaka ya kawo abinci, ba ya riƙe wa kowa fartanya.

Za a ce aikin sa kai a lokacin yaƙi daban, aikin albashi daban. Gaskiya ne, sai dai bambancin yana ƙarfafa hujjar ne. Shugaban ɗakin agaji ba shi da albashin da zai yanke, ba shi da takardar kora, mutanensa kuma ɓangarorin yaƙin biyu sun sha kama su, an ma kashe wasu. Idan duk da haka suka fito aiki don an amince musu su yi hukunci, to manajan da ke biyan albashi, ma'aikatansa kuma suna jan ƙafa, sai ya binciki kansa kafin ya zarge su da lalaci. Za a kuma ce sakin hukunci ƙofar sata ce. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa: ɓarna ta fi samun maɓoya inda mutum ɗaya ke sa hannu a komai, domin babu mai ganin littafinsa. A unguwa, wanda ya karɓi kuɗin buhu goma ya kawo takwas, maƙwabtan da ke layi da kwanoninsu ne za su fara ƙirgawa.

Suka mafi nauyi ita ce tsarin ya durƙushe sau biyu. A Fabrairun 2024 aka katse intanet, kuɗin da 'yan Sudan mazauna waje ke turowa ta manhajar Bankak ya tsaya, takiyyoyi da yawa suka sauke tukunya. A farkon 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin USAID, kusan kashi 80 cikin ɗari na irin waɗannan wuraren dafuwa a Sudan suka rufe. Amma a lura da inda aka karye: a wurin da aka dogara da hanya ɗaya tilo, wato kuɗi, ba a wurin da aka rarraba iko ba. Laifin na matakin sama ne, wanda aikinsa ke nan tun farko ya tanadi hanya ta biyu.

Shugaban asibiti, makaranta ko masana'anta a Kano ko Maraɗi ya ƙirga takardun da ke jiran sa hannunsa a makon nan. Duk wadda na ƙasa da shi ya fi shi sanin abin da ke cikinta, ya mayar masa da ita, ya nemi rahoto a ƙarshen wata.