Gizo-gizo Mai Jan Gwiwa da Sunan Aro

Kalmar tarantula tun asalinta suna ne da aka liƙa wa wanda ba mai shi ba. Daga garin Taranto na kudancin Italiya ta fito, inda mutane suka daɗe suna ganin cizon wani gizo-gizon ƙasa ne ke sa mutum rawa ba ji ba gani. Da Turawa suka isa nahiyar Amurka suka tarar da manyan gizo-gizo masu gashi, sai suka yafa masu wannan suna, alhali ba dangi ɗaya ba ne. Wannan kuskure bai cuci kowa ba. Wanda ya biyo baya, a kasuwar masu kiwon waɗannan halittu a gida, shi ne ya kamata a tsaya a kansa.

A 1897 masanin Ingila Frederick Pickard-Cambridge ya bayyana wani gizo-gizon Meksiko baƙi mai jan gwiwa, wanda aka sani da Brachypelma smithi. Kyawunsa da sanyin halinsa suka ja masa farin jini a shagunan Amurka da Turai a shekarun 1970 da 1980, aka riƙa tono shi daga ramukansa dubbai ana fitarwa. Matsalar ita ce girmansa na tafiyar hawainiya ne. Ɗan da ya ƙyanƙyashe bai kai ƙwayar wake ba, launinsa kuma toka-toka, kamar na 'yan uwansa duka. Sai ya yi saɓa sau da yawa kafin jan gwiwar ya fito, macen kuma tana shafe shekaru kafin ta balaga, tana iya haura shekara 20 a raye, namijin kuwa ba ya daɗewa bayan balaga. Duk babbar macen da aka tono, an kwashe ƙwan shekaru masu yawa ke nan. Shi ya sa a 1985 aka sa smithi cikin jerin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji, a 1994 kuma aka haɗa da dukkan jinsin Brachypelma, domin jami'in kwastan ba zai iya tantance wannan daga wancan da ido ba.

Abin mamaki ya fito ne a 2017, lokacin da Jorge Mendoza da Oscar Francke, masana daga Meksiko, suka sake nazarin jinsin ta hanyar ƙwayoyin gado da gaɓoɓin haihuwa. Suka nuna cewa yawancin abin da ake sayarwa da sunan smithi wani nau'i ne daban, hamorii, wanda aka bayyana tun 1997. Kogin Balsas ne ya raba su: smithi a jihar Guerrero, hamorii a Colima da Jalisco da Michoacán. Shekara da shekaru kasuwa da littattafan kiwo suna kiran dabba da sunan maƙwabcinta, saboda launi suka bi, launi kuwa shaida ce mai rauni.

Masu kiwo da yawa suna ƙorafin cewa masana sun cika sauya suna, kuma gizo-gizon bai san sunansa ba: kwari iri ɗaya yake ci, zafi iri ɗaya yake so. Gaskiya ne a cikin akwatin gilashi, amma ba a wajensa ba. Idan ana zaton nau'i biyu ɗaya ne, ƙasar da yake zaune za ta yi kama da mai faɗi, yawansa ya yi kama da mai auki, alhali kowannensu ɗan yanki yake da shi. Wasu kuma suna cewa ai yanzu a gida ake hayayyafa su, an daina dogaro da daji. Wannan ci gaba ne na gaske, amma nan ma suna ne ginshiƙi, domin mai haɗa namijin hamorii da macen smithi bisa rashin sani zai iya cika kasuwa da ruwa-biyu waɗanda ba su wakiltar kowane nau'i. Mai kiwon da ya san aikinsa yana jiran macen ta yi saɓa, ya buɗe fatar a hankali, ya duba siffar jakar da take adana maniyyi, sannan ya rubuta suna a jikin akwatin.