Tarihin Dashen Ƙwai da Samuwar Ilimin Renon Ɗan Tayi

Dashen ƙwai, wanda likitoci ke kira IVF, shi ne a ciro ƙwan haihuwa daga jikin mace, a haɗa shi da maniyyin namiji a cikin ɗan faranti a ɗakin gwaje-gwaje, a reni ɗan tayin da ya samu na kwana biyu zuwa biyar, sannan a mayar da shi mahaifa. Waɗannan 'yan kwanaki da ɗan tayi yake yi a wajen jiki su ne suka haifar da fannin ilimi mai zaman kansa, wato renon ɗan tayi a asibiti, kuma a kansu aka fi shan wahala kafin aikin ya tabbata.

Da zomaye aka fara. A 1890 Walter Heape na Ingila ya ciro 'yan tayi daga wata zomanya ya dasa wa wata, ta kuwa haife su lafiya, abin da ya nuna cewa mahaifa tana iya riƙe tayin da ba a cikinta ya samu ba. Haɗa ƙwai da maniyyi a wajen jiki shi ne ya daɗe yana gagara, har zuwa 1951 da Min Chueh Chang a Amurka da Colin Austin a Ostireliya, kowa a nasa binciken, suka gano cewa maniyyi ba ya iya huda ƙwai sai ya shafe wasu sa'o'i a jikin mace ya samu wani sauyi. Da wannan sani ne Chang ya samar da 'ya'yan zomo ta hanyar haɗawa a faranti a 1959.

Robert Edwards, masanin aikin sassan jiki a Jami'ar Kambirij, shi ya ɗauko batun zuwa ɗan Adam. A 1965 ya nuna cewa ƙwan mace yana buƙatar kusan sa'a 37 kafin ya nuna a ɗakin gwaje-gwaje, alhali a baya an ɗauka sa'a 12 ta isa, kuskuren da ya sa masu bincike suke duba ƙwai tun bai kai ba su yanke ƙauna. A 1968 ya haɗa gwiwa da Patrick Steptoe, likitan mata a garin Oldham, wanda ya ƙware wajen zura siririn bututu mai fitila ta kusa da cibiya ya hango ma'ajiyar ƙwai ya tsotso ƙwan, kuma a shekarar ne Jean Purdy, ma'aikaciyar jinya, ta shigo aikin. Hukumar binciken lafiya ta Birtaniya ta hana su tallafi a 1971, cikin da suka samu a 1975 ya zauna a bututun ƙwai maimakon mahaifa, sannan wani magani da suke ba matan don ciki ya zauna shi ne ashe yake hana shi zama. Sai da suka ajiye magungunan suka bi lokacin da jiki ke sakin ƙwai da kansa, suka ciro ƙwai guda daga Lesley Brown, wadda bututunta ya toshe, a Nuwamban 1977, sannan aka haifi 'yarta Louise Brown ranar 25 ga Yulin 1978.

Purdy ce ke haɗa ruwan da ake renon tayi a ciki, ita ke tsaftace kayan aiki da rubuta kowane gwaji, kuma ita ta fara ganin ƙwayoyin tayin Louise suna rabuwa kafin a dasa shi yana da ƙwaya 8. Shi ya sa ake ɗaukarta a matsayin ta farko a sana'ar renon tayi. Duk da haka hukumomin lafiya na Oldham sun bar sunanta a waje a allon tunawa da aikin, ko da yake Edwards ya rubuta yana nuna rashin yardarsa, kuma wannan tauye haƙƙi ne da bai kamata tarihi ya yi shiru a kansa ba. Ta rasu a 1985 tana da shekara 39, Steptoe ya bi ta a 1988, saboda haka Edwards kaɗai ya karɓi kyautar Nobel a 2010.

Abubuwan da suka biyo baya sun ƙara wa hannun mai renon tayi nauyi. A 1984 aka haifi jaririya a Melbourne daga tayin da aka daskarar, dabarar da ta sa a yau ake ajiye 'yan tayi shekaru a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. A 1992 Gianpiero Palermo da André Van Steirteghem a Beljiyam suka fito da hanyar ɗaukar ƙwayar maniyyi guda da allurar gilashi a tsira ta cikin ƙwai, wadda ta buɗe ƙofa ga mazan da maniyyinsu ya yi ƙaranci. Rahoton kwamitin Mary Warnock na 1984 ya ba da shawarar kada a riƙe tayi a wajen jiki fiye da kwana 14, dokar Birtaniya ta 1990 ta tabbatar da hakan.

Da aikin ya kai haka, koyonsa a gefen gwani kaɗai bai wadatar ba, sai jami'o'i irin su Monash da Leeds da Oxford suka buɗe digiri na biyu a fannin. Ɗalibi yakan fara gwada hannunsa a kan ƙwan ɓera, ya koyi riƙe zafin faranti a digiri 37 da daidaita iskar akwatin reno, domin ɗan sanyi kaɗan yana iya lalata ƙwai. A Nijeriya kuwa, Oladapo Ashiru da Osato Giwa-Osagie sun fara aikin a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a shekarun 1980. Fatawar da Muftin Masar, Shaikh Jadul Haq, ya bayar a 1980 ta halatta dashen ƙwai da sharaɗin ƙwan da maniyyin na mata da mijinta ne kuma aurensu yana nan, sharaɗin da kiyaye shi a aikace yake hannun mai renon tayi, wanda ƙa'idar ɗakunan gwaje-gwaje da yawa ta wajabta masa samun mutum na biyu ya duba sunan da ke kan kowane faranti kafin a haɗa ko a dasa.