Lambun Uhuru Da Matar Da Ta Hana A Cinye Shi

'Yar'uwa mai karatu, a tsakiyar birnin Nairobi na ƙasar Kenya akwai wani lambun shaƙatawa da ake kira Uhuru, wato 'yanci da harshen Suwahili. Shugaba Jomo Kenyatta ne ya buɗe shi a 1969. Tafki ne aka haƙa, ga kwale-kwalen haya, ga 'yan gadoji, ga ciyawa shar da inuwar itatuwa. Lebura ya miƙe ƙafa da rana, mai iyali ya kawo yara ranar Lahadi. A nan aka ƙaddamar da sabon tsarin mulkin ƙasar a 2010.

To amma ni abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne yadda lambun ya tsira. A 1989 gwamnatin Daniel arap Moi ta shirya gina bene mai hawa 60 a ciki, har da mutum-mutumin shugaban. Manya suka yi gum, sai wata mata, Wangari Maathai, wadda ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa tun 1977, ta ce ba ta yarda ba. Ta rubuta wasiƙu, ta je kotu, aka kori ƙarar. 'Yan majalisa suka yi mata gori wai bazawara ce, aka kuma fitar da ƙungiyarta daga ofis. Kin ji fa, maganar fili ake yi, su aurenta suka gani!

Amma gori ba ya hana gaskiya tsayawa. Hayaniyar ta kai ƙasashen waje, masu zuba kuɗi suka janye a 1990, gini ya sha ruwa. A 1992 ta koma lambun tare da iyaye mata masu yajin cin abinci don a saki 'ya'yansu fursunonin siyasa, 'yan sanda suka doke ta har ta suma. A 2004 ta zama mace ta farko daga Afirka da ta sami kyautar Nobel ta zaman lafiya. Ta rasu a 2011.

Ni dai a ganina, mai kuɗi yana da lambu a gidansa, talaka kuwa sai na kowa. In aka zo da awo filin da yaranki ke wasa, kada ki ce ba ruwan mace. Allah ya sa mu gane.