NaN: Lambar da ba lamba ba ce a lissafin kwamfuta

Masu aiki da alƙaluma a kwamfuta kan ci karo da haruffan NaN a gurbin da suke sa ran ganin amsa.

Haruffan dai taƙaitawa ce ta kalmomin Turanci uku da ke nufin "ba lamba ba ce". Na'ura kan fitar da su ne idan aka ba ta lissafin da ba shi da tsayayyar amsa, kamar raba sifiri da sifiri.

Asali

A shekarar 1985 ne ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE mai hedkwata a Amurka ta fitar da ƙa'idar IEEE 754, wadda ta tsara yadda kwamfuta za ta riƙa ajiye lambobi masu ɗigo, ciki har da NaN.

Farfesa William Kahan na Jami'ar California da ke Berkeley shi ne jagoran aikin, kuma ya samu lambar yabo ta Turing a 1989. An sabunta ƙa'idar a 2008 da kuma 2019.

A tsarin da aka fi amfani da shi, kowace lamba tana da gurabe 64, kowane gurbi yana ɗauke da sifiri ko ɗaya. Gurbi guda na nuna ko lambar tana ƙasa da sifiri, 11 na nuna girmanta, 52 kuma na riƙe da ainihin alƙaluman. Idan gurabe 11 ɗin duk ɗaya ne, sauran 52 kuma ba duka sifiri ba ne, to NaN ke nan.

Halayenta

NaN ba ta daidai da kowace lamba, har ma da ita kanta. Saboda haka ne harsunan rubuta manhaja suka tanadi umarni na musamman domin gano ta: math.isnan a Python, Number.isNaN kuma a JavaScript.

Haka kuma tana yaɗuwa. Duk lambar da aka tara ko aka ninka da NaN, amsar za ta koma NaN.

Harsunan dai sun sha bamban. JavaScript kan bayar da NaN idan aka raba sifiri da sifiri, yayin da Python kan dakatar da aikin ya sanar da kuskure.

Misali daga Yauri

Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, kamun kifi ya kasance ginshiƙin rayuwa a Yelwa da Ngaski da sauran garuruwan bakin tafkin, kuma da alƙaluma ake gane ko kifin na ƙaruwa ko raguwa.

A ɗauka cewa wani jami'i yana auna kamun wani masunci har kwana biyar. Ya rubuta kilo 10 da 12 da 8 da 10, amma a rana ta biyar ruwan sama ya hana shi zuwa bakin ruwa.

Idan aka sa sifiri a wannan gurbi, matsakaicin kamun zai sauko zuwa kilo takwas, a zaci kifi ya ragu, alhali kwanaki huɗun da aka auna kilo goma suka nuna. Idan kuwa aka sa NaN, amsar za ta fito NaN, wato gargaɗi ne cewa bayanan ba su cika ba.

Sai dai manhajar pandas, wadda masu nazarin alƙaluma ke yawan amfani da ita, kan tsallake NaN wajen fitar da matsakaici ba tare da sanarwa ba. Don haka wajibi ne mai rubuta manhaja ya bayyana a takardun bayaninta yadda take bi da NaN, mai nazari kuma ya ƙirga guraben da babu komai kafin ya miƙa rahoto ga hukuma.