Sawun manoman dā a tsaunukan Mandara

A tsakiyar ƙasar Ingila har yau ana ganin dogayen kunyoyi a makiyayar tumaki, waɗanda garmar shanu ta tayar shekaru ɗaruruwa da suka wuce, kuma abin da ya tsirar da su shi ne an daina nome filayen, ciyawa ta lulluɓe su. A arewacin Kamaru lamarin ya sha bamban, domin garmar shanu ba ta yaɗu ba sai daga shekarun 1950, sa'ad da kamfanin auduga na Faransa, CFDT, ya ƙarfafa amfani da ita, sannan kamfanin Sodecoton, wanda aka kafa a 1974 kuma babban ofishinsa yake Garwa, ya ɗora daga nan. Kafin wannan lokaci da fartanya ake noma, kunyar hannu kuwa ruwan damina ɗaya ya isa ya baje ta, saboda haka mai neman sawun manoman dā sai ya bar kwarin Binuwai ya nufi tsaunukan Mandara.

A can, musamman a ƙasar Mafa da ke kewayen Mokolo da Koza, an mayar da gangaren dutse gonaki hawa-hawa kamar matakala, inda ake jera duwatsu ba tare da laka ba, a yi ƴar katanga mai tare ƙasa, ta yadda ruwan sama zai tsaya ya nutse maimakon ya kwashe ta zuwa kwari. A kan waɗannan ƴan filaye, da faɗin wasunsu bai wuce taku biyu ba, ake shuka dawa bana, gero baɗi, ana kuma zuba musu takin sā da ake turkewa a cikin gida. Daɗewar wannan fasaha ta jera dutse tana bayyana a kufan Diy-Gid-Biy, wato "kangon gidan sarki" a harshen Mafa, gine-gine 16 da aka yi tsakanin ƙarni na 12 da na 17, waɗanda Unesco ta sanya cikin kayan tarihi na duniya a 2025, kamar yadda ta sanya Sukur da ke ɓangaren Najeriya a 1999.

Hare-haren masu farautar bayi, har zuwa zamanin Hamman Yaji na Madagali a farkon ƙarni na 20, sun daɗe suna tsare jama'a a kan tsauni, amma da aka samu zaman lafiya da yawa sun sauko fili, kuma duk inda aka yi ƙaura katangun sukan zube cikin ƴan shekaru. Gadon Ingila ya tsira ne don an bar shi, na Mandara kuwa yana tsaye ne muddin akwai manomin da zai bi gonarsa kafin faɗuwar damina, yana ɗaukar dutsen da ya gangaro yana mayar da shi gurbinsa.