Zomon Da Likitoci Suka Raina

Wannan makon za mu ajiye labarin soyayya, mu ɗan leƙa tarihi.

A karkarar Birnin Kudu da Gwaram, zomo kiwon yara ne, ciyawa da dusa ce cimarsa. Amma da wannan dabba aka fara gano abin da ke toshe jijiyoyin jinin ɗan Adam har zuciya ta buga.

A 1908, a birnin St. Petersburg na Rasha, wani likita mai suna Ignatowski ya riƙa ɗura wa zomaye nama da madara da ƙwai. Da ya buɗe su, sai ya tarar jijiyoyinsu sun yi kauri da maiƙo. A 1913 Nikolai Anichkov da ɗalibinsa Chalatov suka ware sinadari guda, kolestarol, wanda ya yawaita a gwaiduwar ƙwai. Suka narka shi a mai, suka ba zomaye. Cikin 'yan watanni jijiyoyin suka yi dasƙararren kitse irin na mutum.

Maimakon yabo, sai likitocin duniya suka taɓe baki. Suka ce zomo maci ciyawa ne, ina ruwansa da ƙwai? Ga shi an gwada a kan karnuka da ɓeraye, ko gezau. Ashe jikin kare yana saurin mayar da sinadarin ruwan matsarmama ya fitar, shi kuwa zomo a jininsa yake taruwa.

Wani zomon ne ya wanke su. A 1973, a Jami'ar Kobe ta Japan, Yoshio Watanabe ya ci karo da zomo mai kolestarol jingim a jini, alhali ba a ba shi ƙwai ba. Gado ya yi. Zuri'arsa ta ƙarfafa binciken Brown da Goldstein na Amurka kan yadda hanta ke tsamo kolestarol daga jini, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1985. Anichkov bai ga ranar ba, ya rasu tun 1964.

Sai dai masu sukar ma suna da ɗan kamshin gaskiya. Yawancin kolestarol ɗin mutum jikinsa ne ke ƙera shi, shi ya sa a 2015 Amurka ta cire iyakar miligiram 300 a rana daga jagorar abincinta. Abin tsoro shi ne wanda ya taru a jini, kuma ba ya sallama. Mai shekaru arba'in irina, a daure a je a auna.

Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.